Masu Zane, Masu Haɗa Fosta da Karatun Abin da Ido Ke Gani: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Kaduna

Na daɗe ina zama a shagon buga takardu a tsakiyar garin Kaduna, inda yara masu koyon zane a kwamfuta ke shigowa da waya a hannu, wannan ya zo nuna fostar da ya haɗa, wancan ya zo ƙorafin kwastoma. Tambayoyinsu kusan guda ne, bakin da ya yi su ne kawai ke sauyawa. Ga waɗanda aka fi maimaita mini, da abin da nake ce musu.

Malam, wai mene ne "nazarin al'adun gani" da ake faɗa? Ba kallon hoto ba ne kawai?

Ka tsaya a bakin titi a Kawo na minti goma, kada ka yi komai sai kallo. Ga Keke Napep da rubutu a bayanta, ga tirela da aka yi wa zanen zaki da dabino, ga allon mai gyaran waya, ga fostocin siyasa an liƙa wata kan wata har bangon ya yi kauri. Duk waɗannan wani ne ya zauna ya tsara su, wani ya biya kuɗi, kuma akwai wanda ake so ya gani. Nazarin al'adun gani shi ne ka tambayi abin da ke gabanka: wa ya yi ka, wa ya biya, wa ake nufi da kai, me aka ƙara maka, me aka cire?

Ɗauki fostar ɗan takarar kansila. Sau da yawa hoton ubangidansa ya fi nasa girma, kuma yana sama da kansa. Ba a rubuta "wane ne ya tsayar da ni" ba, amma kowa ya karanta. Haka tsintsiya da lema a takardar ƙuri'a: an sa su ne don tsohuwar da ba ta yi boko ba ta gane inda za ta dangwala. Ko takardar kuɗin da ke aljihunka. A 2007 aka cire rubutun ajami daga naira 5, 10, 20 da 50, a 2014 aka cire shi daga sabuwar naira 100, ya rage a 200, 500 da 1000. Hayaniyar da aka yi a kan 'yan haruffan nan ta isa ta nuna maka cewa zane ba wasa ba ne.

A jami'o'in Turai akan fara wannan darasi da John Berger, wanda ya yi shirin talabijin kashi huɗu a BBC a 1972 kan yadda mutane ke kallon hoto. Abin da ya kafa hujja da shi shi ne yaro yana gani ya gane kafin ya iya magana. Bahaushe ya riga shi, da ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Mene ne bambancin mai zane da mai zanen girafik?

Mai zane yakan fara da abin da ke ransa. Mai girafik yakan fara da matsalar wani: ga katin biki ana so a ga suna da rana, ga magani ana so a gane sau nawa za a sha. Idan mai kallo ya ce "kai, ya yi kyau" amma bai san ranar ɗaurin auren ba, aikin bai yi ba.

Misalin da na fi so shi ne Harry Beck, wanda ya zana taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan da aka fara rabawa a 1933. Ya lura cewa fasinjan da ke cikin rami bai damu da nisan tasha da tasha ba, abin da yake so ya sani shi ne wace tasha ce ta gaba kuma ina zai sauya jirgi. Sai ya miƙar da layukan, ya ba kowanne launinsa. Har gobe a kan tsarinsa ake tafiya.

Su wa ya kamata in fara sani daga nan gida?

Ba sai ka yi nisa ba, motar Zariya za ka hau. A tsakiyar shekarun 1950 aka dawo da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, kuma manhajar tasu ce: zana jikin mutum yadda ake yi a Landan, haske da inuwa yadda ake yi a Landan. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo, Simon Okeke da Jimoh Akolo.

Tawayen nasu ba na jifa ba ne. Cewa suka yi za su karɓi dabarar Bature, fenti da burushi da injin bugu, amma abin da za su zuba a ciki daga gida zai fito. Kowa ya koma garinsu lokacin hutu ya tambayi tsofaffi. Uche Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, wanda mahaifiyarsa ta iya. Mutane da yawa ba su san cewa a Kafanchan ya yi firamare ba, wato ɗan jihar nan ne ta wajen tashi. Onobrakpeya ya ɗauko tatsuniyoyin Urhobo ya zama gwanin zanen bugu. Grillo ya yi suna da shuɗin launi, irin na rinin Yarbawa, da gilashin ado na majami'u a Legas. Nwoko ya karkata ga gini, har aka ba shi lambar yabo ta Zakin Zinare a Venis ta Italiya a 2023, yana da shekara kusan casa'in.

Ƙungiyar ba ta wuce shekara uku ba, amma da suka watsu kowa ya tafi da irin: Okeke zuwa Nsukka, Grillo zuwa kwalejin Yaba. A Zariya kuma aka samu na baya irin su Gani Odutokun, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1995, mutumin da ke tsiyaya fenti mai ruwa a kan ƙyalle ya bar shi ya bi hanyarsa kafin ya sa hannu, da Farfesa Jerry Buhari, ɗan kudancin jihar nan.

To ai duk sunayen nan ban ji na Bahaushe ba. Mu ba mu da gwanaye ne?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai, ba don mai yin ta ba. Gwanaye muna da su fal. Sunayensu ne ba mu rubuta ba.

Wa ya fara zana aska takwas a ƙirjin babbar riga? Ka ɗauki rigar kakanka ka shimfiɗa ta a tabarma. Dubi yadda askakin suka sauko daga wuya a gefe guda, tambari ya zauna a ɗaya gefen, nauyin aikin bai daidaita dama da hagu ba amma ido bai ji an karkace ba. Wannan shi ne abin da ake kwashe zango guda ana koya wa ɗalibi a aji. A al'ada ma aikin kashi biyu ne: malami mai zane ya fitar da surar da alƙalami da tawada a kan yadi, sannan mai ɗinki ya bi da allura na tsawon watanni. Wato mai tsarawa daban, mai bugawa daban, kamar ni da yaron da ke kan inji. David Heathcote, wani Bature da ya koyar a Zariya, a kan wannan ɗinkin ya yi digirinsa na uku, kuma ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976.

Sai zayyana. Duk wanda ya ga allon sauka ya san abin da nake nufi: murabba'ai cikin murabba'ai, ja da rawaya da kore, an auna su da ido da sillen kara. Haka alarammomi masu rubuta Alƙur'ani da ka, baƙaƙen da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da rawaya. Wannan tsarin launi ne mai aiki, kowane launi da abin da yake gaya wa mai karatu. Sharif Bala Gabari na Kano yana cikin 'yan kaɗan da sunansu ya fita, saboda an buga rubutun hannunsa an yaɗa shi a kasuwanni.

A gini akwai Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a shekarun 1830, da ƙasa da azara, ya ɗaure rufin da bakan gizo. An kwaikwayi ginin a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ga kuma dagin Arewa, da ka gan shi a ƙofar gida ko a hula ka san inda aka dosa. Kamfanoni na biyan miliyoyi don su samu tambarin da ake ganewa da kallo ɗaya irin wannan.

Gumakan Nok fa, da gaske a jihar Kaduna aka samo su?

Ƙwarai. Nok ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono wani ɗan kai na yumɓu a wurin. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan a Jos, wanda wani ya ɗauka ya kafa a gonar doya don korar tsuntsaye. Fagg ya ga kamannin biyun, ya gane cewa hannun al'umma ɗaya ne. Gumakan sun haura shekara 2,000, wasu sun haura 2,500.

Abin da mai zane zai koya a nan shi ne ido. Kusan duk kawunan idonsu mai kusurwa uku ne, da huda a tsakiya, da gira a lanƙwashe. Kitso ya bambanta, fuska ta bambanta, idon bai sauya ba a faɗin ƙasa mai yawa da ƙarnuka masu yawa. Salo kenan: abu ɗaya da ka riƙe, sauran ka sake su.

Mata fa? Ko sana'ar maza ce?

Ciro naira 20 ki juya bayanta. Matar da ke gina tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya daga Kwali. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da tukwane da Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Ta riƙe zanenta na gida, ƙadangare da kunama da kifi da kada, ta ɗora su a kan tukwanen da ake gasawa da wuta mai ƙarfi ana musu ƙyalli. Ba ta yi boko ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984. A cikin malaman 'Yan Tawayen Zariya ma akwai mace, Clara Ugbodaga-Ngu.

Ƙanwata, idan kina yin lalle kin riga kin san rabin aikin. Mai lalle ta san inda za ta cika da inda za ta bar fata ta huta, kuma tana aiki a kan abin da ba shimfiɗaɗɗe ba, ba ta da damar gogewa. Masu saƙa faifai da masu zanen ƙwarya da masu jeren ɗakin amarya duk haka. 'Yan matan da suka zo koyo wurina daga lalle sun fi samarin saurin gane tazara.

Na ƙasashen waje wa zan karanta?

Kaɗan sun isa a farko. Makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya buɗe a Jamus a 1919, wadda aka tilasta wa rufewa a 1933 bayan hawan 'yan Nazi, ita ta yaɗa ra'ayin cewa amfanin abu shi ke yanke siffarsa. Haruffan Helvetica da Max Miedinger ya zana a Suwizalan a 1957, ka gan su sau dubu ba ka san sunansu ba. Alamar Nike wata ɗaliba ce, Carolyn Davidson, ta zana a 1971 aka biya ta dala 35, labarin da nake ba duk yaron da ya raina ƙaramin aiki.

Amma wanda na fi so ɗan Arewa ya nema shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan, haifaffen Omdurman a 1930. Ɗan malamin allo ne. Ya yi karatu a Landan, ya dawo ya baje zanensa a Khartoum, mutanensa ba su kula ba. Sai ya koma ga harafin Larabci da ya taso da shi, ya riƙa jan sa yana lanƙwasa shi har fuskoki da bishiyoyi suka fito daga ciki. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya yi baje kolin aikin rayuwarsa. A Legas kuma akwai Lemi Ghariokwu, wanda ya zana bangon fayafayan Fela guda 26. Kada ka manta tutar ƙasar nan ma ɗalibi ne ya zana ta, Taiwo Akinkunmi, a gasar 1959. Tasa tana da jar rana a tsakiya, alƙalai suka cire ta. Ko shi kwastoma ya gyara masa aiki.

Iyayena sun ce zane haramun ne. Yaya zan yi?

Ni ba malami ba ne, fatawa kuma wurin malaminka za ka nema. Abin da na sani shi ne akwai hadisai masu tsoratarwa kan surar abu mai rai, malamai kuma sun yi saɓani kan iyakarsu, musamman hoton kyamara da abin da ake yi don koyarwa. Rubutu, bishiya, gini da zayyana ba su ne wurin saɓanin ba. Mafi yawan aikin girafik kuwa haruffa ne da launi da tazara. Na san masu cin abinci da wannan sana'a shekara da shekaru ba su taɓa zana fuska ba. Ka nuna wa Baba irin aikin da kake nufi da idonsa, gani ya kori ji.

Me ya sa ƙ, ɗ da ɓ ke zama akwati idan aka buga?

Saboda wanda ya zana wannan salon haruffan bai sa su a ciki ba. Haruffa masu lanƙwasa sun shigo rubutun boko a shekarun 1930, zamanin Rupert East da hukumar talifi ta Zariya, wadda ta fito da Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 Abubakar Imam yana edita. A shekarun 1980 har Hermann Zapf, shahararren mai zana haruffa na Jamus, ya yi aikin haruffan da za su ɗauki harsunan Najeriya. Duk da haka yawancin salon ƙawa da yara ke saukewa daga intanet ba su da su.

Ni ma na sha. Wata shekara na haɗa banar walima, na tura wa wani shago da ke da babban inji. Kwamfutarsu ba ta da salon da na yi amfani da shi, yaron ya ga akwatuna, ya goge ya sa haruffan da ya samu. Da aka ɗaga banar a bakin layi sai ga shi ɓaro-ɓaro: "Muna maraba da manyan baki." Mai walimar bai yi dariya ba, ni na biya kuɗin sake bugu. Tun ranar ba na tura aiki sai na mayar da rubutun ya zama zane a manhajar CorelDRAW, yadda ba mai iya taɓa shi. Kafin ka zaɓi salo, rubuta "ƙwaɗo ya ɓuya" da shi ka gani. Salon Noto da na Gentium suna ɗauke da haruffanmu.

Launin da na gani a waya ba shi ya fito a takarda ba. Mai inji ne ya cuce ni?

Galibi a'a. Fuskar waya haske take fitarwa, tana haɗa ja, kore da shuɗi, shi ne RGB. Takarda tawada take sha, kala huɗu, shi ne CMYK. Akwai kore mai walƙiya da shuɗi mai ƙuna da haske ke iya yi amma tawada ba ta kai wa. Ka fara aikin bugu a CMYK tun farko, hoton ya kai ɗigo 300 a kowane inci idan kati ne ko littafi. Kuma kada ka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi. Tura shi a matsayin fayil.

Dole sai na yi jami'a?

Ba dole ba ne, amma tana da amfani. A Jami'ar Ahmadu Bello akwai sashen zane-zane da sashen zanen masana'antu, inda ake girafik, yadi da tukwane. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana koyar da aikin ɗab'i. Abin da makaranta ke ba ka wanda manhajar haɗa zane irin Canva ba ta bayarwa shi ne a kafe aikinka a bango, mutum ashirin su faɗa maka aibinsa a gabanka. Idan ba ka samu shiga ba, nemi ogan da zai yi maka haka, ka kuma riƙe fensir da littafi. Yaron da bai iya tsara fosta a takarda ba, kwamfuta gudun ɓarnarsa kawai take ƙarawa.

Laifi ne in ɗauko zanen wani a intanet in sauya suna? Kuma nawa zan caja?

Laifi ne, ga doka ga kunya. Najeriya na da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, da aka sa wa hannu a 2023, kuma ta shafi zane da hoto. Koyo daga aikin wani daban, kwashe shi daban. 'Yan Zariya sun ɗauko daga uli da rini, amma sun narka su sun fito da nasu.

Farashi ba zan yanka maka ba. Ka karɓi rabin kuɗi kafin ka fara, ka faɗi sau nawa za ka yi gyara kyauta, in ba haka ba "ɗan ƙara girman sunan Alhaji" zai cinye maka mako. Wanda ya ce ai danna kwamfuta ne kawai, ka tuna masa araha ba ta ado.

Ina zan je a Kaduna in gani da idona?

Fara da gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC. Akwai kayan Nok a ciki. Daga nan ka wuce Gidan Arewa a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, ka nemi tsofaffin jaridu ka ga yadda ake jera shafi zamanin da ake ɗaukar harafi ɗaya-ɗaya da hannu. Jaridar New Nigerian a garin nan ta fara fita, ranar 1 ga Janairun 1966. Ka tsaya gaban Lugard Hall ka dubi ƙubbarsa. Idan kana da dangi a Kakuri, tambayi tsofaffin ma'aikatan masaƙu. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, kuma kowace atamfa da ta fito daga can sai da wani ya zauna ya zana furenta ya raba launukanta kafin inji ya taɓa yadi. Wata tsohuwa a layinku na iya samun irin wannan zanen a ƙasan akwati.

Sannan ka je Panteka da tashar manyan motoci da safe, kafin rana ta yi zafi. Za ka tarar da mai rubuta allo a tsugune da gwangwanin fenti, ya ja layi biyu da alli, ya ɗora ɗan yatsansa ƙarami a jikin ƙarfen don hannu kada ya yi rawa, yana fitar da harafi ba tare da ya auna ba. Gaishe shi, ka saya masa ruwa, ka tambaye shi wa ya koya masa. Ka tafi da biro, ka rubuta sunan da ya faɗa da nasa.